BAKWAINI: YADDA A KE CIYAD DA SHI HAR YA YI ƘARFI

Yau maganarmu a kan bakwaini ce, watau jaririn da ya zo duniya tun watanninsa ba su cika ba. Ina so mata masu ciki su matso kusa, da masu jego, da kakanni mata, gama su ne ke riƙe da gida in an haihu. Ku ma maza kada ku tashi, akwai rabonku na aiki a ciki.

Cikin mace ya kan cika a mako 40, watau wata 9 da 'yan kwanaki. Duk jaririn da ya zo kafin mako 37 su cika, a asibiti bakwaini mu ke ce da shi, ko a wata na 7 ya zo, ko a na 8. Abin ba baƙo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa jarirai wajen miliyan 13 da aka haifa haka a shekarar 2020 kaɗai, watau kusan 1 cikin ko wane 10.

A gidaje da yawa, da an ga ƙanƙantarsa sai zuciya ta karaya. A naɗe shi a tsumma, a ajiye a ƙuryar gado, a zuba ido a ga ko zai zauna. To, zuba idon nan ne ke kashe da yawa daga cikinsu. Bakwaini da aka ɗumama, aka ciyad da shi a kan lokaci, aka tsare shi daga dauɗa, mafi yawa ya kan rayu, ya girma, ya yi noma ya yi karatu kamar kowa.

ABIN DA YA BARO A CIKI

Watanni 2 na ƙarshen ciki su ne lokacin da ɗa ke haɗa guzurin zuwa duniya. A cikinsu ya ke tara kitse a ƙarƙashin fata, kitsen nan kuwa shi ne bargonsa. Bakwaini ya fito ba bargo, sabo da haka sanyi na kama shi nan da nan, ko da a tsakiyar bazara ne, mu manya muna ta gumi. In kuwa ya ji sanyi, ɗan nonon da ya sha duk sai ya ƙare wajen ɗumama jiki, ba abin da zai rage na girma.

A cikin watannin nan ne kuma ya ke koyon shan nono. Mu kan ɗauka shan nono abu ne mai sauƙi, amma aiki 3 ne a haɗe: tsotso, da haɗiya, da numfashi, ko wanne da lokacinsa. Ɗa ba ya iya haɗa ukun nan sosai sai wajen mako na 34 na ciki. Wanda ya zo kafin nan ya kan kama nono ya saki, ko ya ja sau 2 ya yi barci, ko ya ƙware. Kada a ce ya ƙi nono. Bai iya ba ne tukuna, zai kuwa iya in an bi shi a hankali.

Na uku, a ƙarshen ciki ne uwa ke zuba wa ɗanta, ta hanyar cibiya, mafi yawan abin da zai kare shi daga cututtuka. Bakwaini bai sami cikakken rabonsa ba. Ƙwayar cutar da babban jariri zai yi fama da ita ya warke, shi tana iya kayad da shi cikin kwana 1.

Ga abin da na fi so ku riƙe a cikin maganar yau duka. Bakwaini ba ya kukan yunwa kamar sauran jarirai, ba shi da ƙarfin kuka. Ya kan kwanta shiru awa 5, awa 6, har tsohuwa ta ce yaron nan akwai haƙuri, alhali kuwa ƙarfinsa ne ke zurarewa. Wanda ya jira bakwaini ya nemi nono da kansa, sai ya makara. Agogo a ke bi wajen ciyad da shi.

A KAI SHI A AUNA

Ko a gida aka haife shi, a kai shi ɗakin shan magani ko asibiti a ranar, a ɗora shi a kan sikeli. Jaririn da bai kai kilo 2 da rabi ba ƙarami ne, yana bukatar kulawar da zan faɗa. Wanda bai kai kilo 2 ba, ko wanda ke nishi, ko ba ya iya haɗiya, wurinsa babban asibiti, inda akwai ɗakin jarirai da iskar taimakon numfashi. In za a tafi, kada a naɗe shi a riƙe a hannu a bayan babur, iska na dukansa. A sa shi a ƙirjin uwa ko na wani babba, fata da fata, a rufe su tare, a tafi a haka.

GOYON ƘIRJI

Mun saba da goyon baya, amma bakwaini a ƙirji a ke goya shi. Ga yadda a ke yi. A tuɓe masa kome, a bar masa hula, da safa, da ƙyallen da ke tare fitsari. Uwa ta buɗe ƙirjinta, ta sa shi a tsaye tsakanin nonuwanta, cikinsa a kan fatarta, ƙafafunsa a tanƙware kamar na kwaɗo. A juya kansa gefe guda, a ɗan ɗaga haɓarsa don hanyar numfashi ta buɗe. Sa'an nan a ɗaure shi da zane mai laushi, bakin zanen ya tsaya daidai ƙarƙashin kunnensa, ta sa riga ko mayafi a bisa. Ta riƙa ganin fuskarsa kullum. In za ta kwanta, a tara mata matasai ta kishingiɗa, kada ta kwanta ɗai-ɗai a shimfiɗe.

Ku dubi kaza mai kwanci. Ba ta barin ƙwai ya huce, in ta tashi ma a gurguje ta ke komowa. Haka goyon nan ya ke. Abin da a ke so shi ne dare da rana, in ya gagara kada ya kasa awa 8 a yini. Sa'ad da uwa za ta yi wankan jego ko ta kewaya, kada a ajiye shi a gado. Uba ya buɗe riga ya karɓa, ko kaka, ko ƙanwar uwa, duk wanda ke da lafiya, ba mura, ba ƙuraje. In tagwaye ne, ƙirji ɗaya na ɗaukarsu duka biyu.

Amfaninsa ya wuce ɗumi. Jaririn da ke ƙirji yana jin bugun zuciyar da ya saba ji tun yana ciki, numfashinsa ya kan daidaita, barcinsa ya yi nauyi, kuma nonon uwa ya kan ƙara kawowa. Ga shi kuma kusa da nono, da ya motsa baki uwa ta gani.

Wannan dabara ta fito ne daga birnin Bogota, a ƙasar Kolombiya ta Amurka ta Kudu, a shekarar 1978. Wani likita mai suna Edgar Rey ya ga jarirai sun yi yawa, kwalaben da a ke sa su ciki don ɗumi kuwa ba su isa ba, sai ya mayad da su ƙirjin uwayensu. Aka sa wa abin sunan kangaru, wata dabba ta ƙasar Ostareliya wadda ke haihuwar ɗa ɗan mitsitsi, ta rene shi a cikin wata jaka da ke cikinta.

A shekarar 2021 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitocin ƙasashe 5, watau Gana, da Indiya, da Malawi, da Tanzaniya, da Nijeriya, inda aka yi shi a Ile-Ife. Jarirai sama da 3,000 ne, duka tsakanin kilo 1 da kilo 1.8. Rabi aka sa su a ƙirji tun daga haihuwa, rabi aka jira sai da suka ɗan murmure a kwalba. Cikin ko wane 100 na waɗanda aka jira, kusan 16 suka rasu kafin kwana 28. Cikin waɗanda aka goya tun farko, 12 ne. Sabo da haka a shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara goyon ƙirji da zarar an haihu, sai fa jaririn da ba ya iya numfashi da kansa ko wanda ke cikin haɗari ƙwarai.

Za a ci gaba da goyon har shi da kansa ya fara ƙi, yana mutsu-mutsu yana fid da hannu, yana gumi. Ya kan zama wajen lokacin da ya kai kilo 2 da rabi, ko kwanakin da dā za a haife shi.

Batun wanka kuwa, a dakata. Kada a yi masa wanka a ranar haihuwa ko kaɗan. In ƙarami ne ƙwarai, a riƙa goge shi da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, gaɓa-gaɓa, a cikin ɗaki a rufe, har ya yi ƙwari. In kana so ka san ko sanyi ya kama shi, taɓa tafin ƙafarsa da bayan hannunka. In da sanyi, a mayad da shi ƙirji maza.

DAKASHI

Nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa, wanda mu ke kira dakashi, har yanzu akwai gidajen da a ke tatse shi a zubar, a ce gurɓatacce ne, a riƙa ba jariri ruwa, ko zuma, ko nonon akuya, kafin farin nono ya zo. Ina roƙonku a bar wannan. A cikin dakashi ne abin kare kan nan da bakwaini ya rasa ya ke, shi ne rigakafinsa na fari. Ɗan kaɗan ne ya ke fitowa, amma cikin jariri ma ɗan kaɗan ne. Ko bai iya haɗiya ba tukuna, a asibiti a kan ɗiga masa ɗigo 1 ko 2 a cikin kumatu.

Nonon matar da ta haifi bakwaini ya dace da shi ƙwarai, gama a makonnin farko ya fi na sauran mata abin gina jiki. Hanjinsa kuma ɗanye ne. Akwai wani mugun ciwon hanji da ke kama ƙananan jarirai, ciki ya kumbura, hanji ya ruɓe, ya fi kama waɗanda a ke ba madarar gwangwani bisa ga masu shan nonon uwa. Sabo da haka ba ruwa, ba jiƙo, ba rubutu, ba zuma, ba man shanu, ba nonon dabba, ba kunu. Nonon uwa kaɗai, ruwan da ya ke bukata ma yana ciki. In uwa ta rasu ko tana ciwo mai tsanani, a zo asibiti a shirya abin da za a ba shi, kada a yanke shawara a gida.

TATSAR NONO

Nonon da ba a sha ya kan ƙafe. Tun da bakwaini bai iya jawo shi ba, tilas uwa ta tatsa da hannu, ta fara cikin awoyin farko bayan haihuwa, ta yi sau 8 ko fiye cikin dare da yini. Ta dare ma tana da muhimmanci, kada a tsallake ta.

Ta wanke hannu da sabulu. A wanke ƙaramin kofi mai faɗin baki, a zuba masa tafasasshen ruwa, a tsiyaye. Ta zauna a sake, ta ɗan mulmula nonon a hankali. Ta sa babban yatsa a bisa baƙin da ke kewaye da kan nono, manuniya a ƙasa, ta danna baya wajen ƙirji, sa'an nan ta matsa yatsun ta saki, ta matsa ta saki. Kada ta ja kan nonon, kada yatsun su riƙa zamewa a kan fata, wannan shi ke kawo ciwo. Ta riƙa kewayawa da yatsun don ko'ina ya fita. In gefe ɗaya ya rage zuba ta koma ɗayan, ta yi ta musaya har wajen minti 20 ko 30.

Ran farko ɗigo-ɗigo za ta gani, kada ta karaya, kada kuma a tsaya mata a ka ana cewa ba ta da nono. Wajen kwana na 3 ya kan kawo. Tatsa da jaririn a ƙirji ko kusa da ita ta fi kawo nono. Wanda aka tatsa a rufe shi a ajiye a inuwa, a yi amfani da shi kafin awa 4, da zafi kuwa gara a tatsa a ba shi nan take. Ba a tafasa shi.

MATAKAI 3

Hanyar ciyad da bakwaini kamar tsani ce mai matakai 3, ko wane jariri da inda zai fara hawa.

Matakin fari shi ne roba. Jaririn da bai iya haɗiya ba, a asibiti a kan zura masa siririyar roba ta hanci ko ta baki zuwa ciki, a riƙa zuba nonon uwarsa ta nan. Na san robar nan tana tsorata mutane, har wasu kan ce an sa masa ita don ya kusa tafiya, su nemi a sallame su. Ba haka ba ne. Hanya ce ta kai abinci ciki ba tare da ya gaji ko ya ƙware ba, da ya iya haɗiya za a cire. Uwa na iya goyon ƙirji da robar a hancinsa.

Mataki na biyu shi ne kofi. A tashe shi ya farka sosai, a zaunad da shi a kan cinya a ɗan jingine, a tallafe kai da wuya. A ɗora bakin kofin a kan leɓensa na ƙasa, a karkata shi har nonon ya taɓa leɓe, a tsaya nan. Za ka ga ya fid da harshe yana lasa kamar ɗan kyanwa. Kada a ɗura masa. Ɗura ita ke kai nono cikin huhu, ta kawo ciwon haƙarƙari. In ya rufe baki ya huta, a jira shi. Bulumboti kuwa a bar shi, yana da wuyar wankewa, yana kawo zawo, kuma jaririn da ya saba da shi ya kan ƙi kama nono daga baya.

Nawa za a ba shi? Malamar asibiti ce za ta lissafa bisa ga nauyinsa, amma ga misali don ku gane. Jariri mai kilo 2 da ke sha da kofi, a ran farko cokalin shayi 3 ya ishe shi a ko wane sha, sau 8 cikin dare da yini, watau bayan ko wace awa 3. Kullum a ƙara cokali 1 a kan ko wane sha, har ya kai cokali 8 ko 9 wajen ƙarshen mako. Wanda ya fi shi ƙanƙanta a kan ba shi ƙasa da haka, amma bayan ko wace awa 2. Kun ga abin kaɗan-kaɗan ne, da yayyafi kogi kan cika. In lokaci ya yi yana barci, a tashe shi: a kwance shi daga zane, a shafa tafin ƙafarsa, a yi masa magana.

Mataki na uku shi ne nono kansa, can a ke son kai wa.

KOYA MASA TSOTSO

Ba a jira sai ya iya kāna a sa shi a nono, a nono ya ke koyo. Tun yana kan roba, bayan uwa ta tatse, ta kai bakinsa kan nonon ya sansana, ya lasa, ya ɗan tsotsa. Da ya ke an riga an tatse, ba zai ƙware ba. In ana zuba masa ta roba a daidai lokacin, ya kan gane cewa tsotso da ƙoshi tare su ke tafiya. Jariran da a ke yi wa haka su kan bar roba da wuri.

Akwai kuma wata motsa baki da a ke yi kafin sha, ta 'yan mintoci. Da yatsa mai tsabta, an yanke farce, a shafa kumatunsa a hankali daga kunne zuwa baki, a kewaya leɓunansa, a ɗan taɓa dasashi da harshe, sa'an nan a bar shi ya tsotsi ƙaramin yatsa. Wannan na ƙarfafa naman bakin. Amma sai malamar asibiti ta nuna wa uwa da hannunta tukuna, in kuwa ya kau da kai, ko launinsa ya sāke, a tsaya.

Sa'ad da ya fara kama nono, a tallafe jikinsa duka, kai da wuya da baya a miƙe, cikinsa na fuskantar na uwa. Ta matso ɗigo a kan nonon, ta taɓa leɓensa, in ya wage baki ta matso da shi. Bakwaini ya kan ja sau 4 ko 5 ya tsaya ya huta, hutun ma mai tsawo, sa'an nan ya sake. Kada a zare nonon a ce ya ƙoshi, kada a jijjiga shi. In ya gaji ya saki, a cika masa da kofi. Kullum abin da ya ke ja da kansa zai ƙaru, na kofi ya ragu, har ran da za a ajiye kofin. Wani kwana 10, wani wata guda. Sannu ba ta hana zuwa.

Wata magana ga iyayenmu mata. Yarinyar da ta yi haihuwar fari ta kan ji kunyar ɗanta, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta ba shi nono sai an matsa mata. In ɗan farin nan bakwaini ne, kunyar na iya cin ransa. Ku ne za ku ce mata ta ɗauka, ku sakaya mata labule, ku rage masu shiga ɗakin.

YAYA ZA A SAN YANA SAMU?

Ta fitsari da sikeli. Bayan kwanakin farko, ya jiƙa ƙyalle sau 6 ko fiye cikin dare da yini. A kwanakin farko ko wane jariri na ɗan raguwa, amma wajen mako 2 ya kamata ya komo nauyin haihuwarsa. Daga nan mai kilo 2 ya kan ƙara wajen giram 30 kullum, watau kamar giram 200 a mako. Ido ba ya ganin wannan, sai sikeli. Sabo da haka ku riƙa kawo shi awo a ranakun da aka rubuta muku a kati, ko da kun ga lafiyarsa lau.

GIRMAN JIKI DA NA HANKALI

Ƙwaƙwalwar bakwaini tana kan ginuwa ne, a cikin barci kuwa ta fi ginuwa. A ciki ya saba da duhu da shiru, sabo da haka a rage masa haske mai ƙarfi, da rediyo a kusa da kunne, da hayaniya. Muryar uwa kuwa yana sonta, ta riƙa yi masa magana da waƙa a hankali. In ya yi ƙwari, a riƙa shafa masa mai mai tsabta, kamar man kwakwa, da hannu mai ɗumi, a ƙafafu da hannuwa da baya, ban da cibiya da fuska. Shafar na kare fatarsa mai laushi, tana kuma kwantad da shi. Ban da man zafi, ban da kafur a cikin kayansa, gama kafur na fasa jinin waɗansu jarirai ya kawo muguwar shawara. In an sauke shi daga ƙirji, a kwantad da shi rigingine, a cikin gidan sauro, nesa da hayaƙin murhu da na taba.

Bakwaini bai tara isasshen abin yin jini ba tun a ciki, sabo da haka a kan rubuta masa ɗigon maganin ƙarin jini, a ba shi yadda aka ce. Wanda aka haifa ƙarami ƙwarai, balle in an sa masa iska a asibiti, a nemi likitan ido ya duba shi wajen wata 1 da haihuwa, don akwai makantar da a ke iya tarewa in an gani da wuri.

Wajen zama da rarrafe da tafiya, a yi masa lissafi na adalci. Yaron da ya zo da saura wata 2, in ya cika wata 6 a duniya, a auna shi da 'yan wata 4. Haka za a riƙa cire masa har ya shekara 2, mafi yawa kafin nan sun cim ma tsaransu. Amma allurar rigakafi daga ranar haihuwa a ke ƙirga ta: ta farko da haihuwa ko da zarar likita ya ce ya yi ƙwari, sa'an nan mako 6, da 10, da 14, da wata 9, da sauran da ke rubuce a kati. Kada a jinkirta don ƙanƙantarsa, shi ya fi kowa bukata.

RANAR SUNA

A raɗa suna, a yi murna, amma jariri ya zauna a ƙirjin uwarsa a ɗaki. Kada a riƙa miƙa shi hannu-hannu, ko wane baƙo da tarinsa da murarsa. Aski a ɗaga shi sai ya yi ƙarfi, don ta kai ya fi zubad da ɗumin jiki. Cire beli da tsaga kuwa a bar su sam, jinin bakwaini kaɗan ne, kuma aska na shigad da cuta. Cibiya a sa mata maganin da asibiti ke bayarwa kaɗai, ba gashi, ba toka, ba man goge haƙori. Duk mai taɓa shi ya wanke hannu da sabulu tukuna, ko wane ne.

ALAMUN HAƊARI

In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, a sa shi a ƙirji a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne:

1. Ya daina sha, ko yana amai da duk abin da ya sha.
2. Jikinsa ya yi sanyi, awa 1 a ƙirji bai ɗumama ba, ko kuwa ya yi zafi.
3. Yana numfashi da sauri, ko da nishi, ko ƙirji na faɗawa, ko numfashi na tsayawa har leɓe ya yi shuɗi.
4. Ya saki jiki, ba ya motsi sai an taɓa shi.
5. Jijjiga.
6. Ciki ya kumbura, ko jini a kashi.
7. Idanu da jiki sun yi ruwan ɗorawa, balle in ya kai tafin hannu da ƙafa.
8. Cibiya ta yi ja, tana ruwa ko wari.

GARE KU MAZA

Macen da ke goyon ƙirji dare da rana, tana tatsa sau 8, tana ba da kofi bayan ko wace awa 3, ba za ta iya daka da ɗiban ruwa da girki ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida, kai ne za ka nemo wadda za ta ɗauke mata aikin gida har wata 1 ko 2. Ka tabbata tana cin abinci ta ƙoshi, da wake, da ganye, da ƙwai ko nama in da hali, tana shan ruwa da yawa, a kuma rage mata kanwa a kunu, don yawanta na wahalad da zuciyar mai jego. Ka ajiye kuɗin mota tun kafin a bukata, ka bar izini a gida cewa in an ga alamar haɗari a tafi asibiti ba sai ka dawo ba. In likita ya ce a zauna a asibiti mako 2, a zauna. Da yamma kuma in ka komo, ka wanke hannu, ka buɗe riga, ka karɓi ɗanka awa 1 ko 2 uwarsa ta runtsa.

Wanda ke da bakwaini a gida, ko a maƙwabta, ya zo ɗakin shan magani a nuna masa ɗaurin zanen nan da riƙon kofi, abin da ido ya gani ya fi zama. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa waɗanda ba su iya ba.